Kifin Da Aka Tono A Tsakiyar Hamada

Idan aka ce mana an sami kifi a tsakiyar hamada, da yawanmu za mu ce tatsuniya ce. Amma 'yan'uwa masu karatu, haka ya faru a maƙwabciyarmu Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan wani kifi waɗanda suka riga suka zama dutse. Wata masaniya 'yar Faransa, Sylvie Wenz, ita ce ta yi bayaninsa a 1975.

Sunan wannan irin kifi Mawsonia. Mazaunin koguna da tafkuna ne. Fika-fikansa masu tsoka ne da ƙashi a ciki, kamar gajerun gaɓoɓi. Na Nijar ɗin bai cika girma ba, amma an ƙiyasta wasu danginsa sun kai mita 5. Giwan ruwa da muke jinjina wa a Argungu, da ƙyar yake kaiwa mita 2.

To, me ya kai kifi cikin rairayi? Masana sun ce shekara wajen miliyan 110 da suka wuce, wurin manyan koguna ne da dausayi. A nan ne kuma aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada mai suna Sarcosuchus. Ashe inda raƙumi yake jin ƙishirwa yau, dā gidan kifi ne.

Wani abin mamaki kuma, ba a Afirka aka fara ganin Mawsonia ba. A Bahia ta ƙasar Barazil ne, aka raɗa masa suna a 1907. Kifin kogi ba zai iya ƙetare Tekun Atlantika ba. Wannan yana cikin shaidun da ke nuna cewa dā Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke, kafin teku ya raba su.

Duk wannan sani daga ƙashi aka samo shi, da kuma wurin da yake kwance. In aka ɗauke shi aka sayar wa baƙi a ɓoye, labarinsa ya ɓata ke nan har abada. Saboda haka manomi ko mai haƙar rijiya da ya ci karo da ƙashi cikin dutse, kada ya fasa shi, kada ya sayar. Ya bar shi inda yake, ya sanar da mai gari ko hukumar kayan tarihi.