3.2 Launi a Matsayin Amo da Motsi a Zane Marar Siffa

Kamar yadda aka bayyana a babi na biyu, zane marar siffa shi ne wanda ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba ko wani abu sananne. Matsalar da irin wannan zane ya fuskanta tun farko ita ce, idan aka cire siffa, me zai isar da saƙo ga mai kallo? Wannan fasali zai duba yadda masu zane biyu suka nemo amsa daga kiɗa.

Na farko shi ne Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, wanda ya rayu daga 1866 zuwa 1944. Shi a ganinsa, kiɗa yana ratsa zuciya ba tare da ya siffanta komai ba, don haka launi ma zai iya yin hakan. A watan Janairun 1911 ya halarci wasan kiɗan Arnold Schoenberg a birnin Munich na ƙasar Jamus, daga nan ya yi zanen da ya kira Impression III. A cikinsa, launin rawaya ya mamaye sashe mai faɗi kamar amon da ya cika zaure, sannan ga wani baƙin dunƙule mai kama da fiyano. Haka kuma, ya danganta rawaya da ƙarar kakakin Turawa, shuɗi mai haske da sarewa, kore kuwa da goge. Dangane da motsi, ya nuna cewa rawaya tana bazuwa tana kusantar mai kallo, shi kuwa shuɗi yana tattaruwa yana ja da baya.

Na biyu shi ne Piet Mondrian, ɗan ƙasar Holan, wanda ya koma birnin New York a 1940. A zanensa Broadway Boogie Woogie na 1942 zuwa 1943, ya jera ƙananan murabba'ai ja da shuɗi da ruwan toka a kan layukan rawaya, tazararsu ba daidai ba. Wannan ne ke sa ido ya riƙa tsalle daga ɗaya zuwa ɗaya, tamkar mai bin bugun kiɗa.

Bisa ga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Kandinsky ya nemi amo ne a cikin launin kansa, Mondrian kuwa a cikin jeri da maimaici. Sai dai haɗa wani launi da wani kayan kiɗa ra'ayin mai zane ne, ba doka ba ce da ta hau kan kowace al'umma. Fasali na gaba zai tattauna wannan batu.