Gargaɗi ga Masu Albashi da Matasa: Ku Binciki Takardunku Yanzu

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, an tsayar da ranar 1 ga Janairu, 2026 a matsayin ranar fara aiki da su. Duk mai karɓar albashi a Najeriya, ko a gwamnati ko a kamfani, ya nemi takardar albashinsa ya karanta ta layi-layi. Abin da aka cire maka bana zai bi ka har ranar da ka ajiye aiki.

A sabon tsari, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan sai kashi 15 cikin ɗari, yana hawa har ya kai kashi 25 ga manyan masu samu. Mai albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma an soke tsohon rangwamen da ake cire wa kowane ma'aikaci kafin a lissafa masa haraji, aka maye gurbinsa da rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Wanda ke zaune a gidan gado, kamar yadda mutanenmu da yawa suke a Kano da Zariya da Katsina, bai da rabo a wannan rangwame. Wanda ke haya kuwa, sai ya gabatar da shaida. Idan maigidan hayarka bai saba ba da rasit ba, ka nema tun yanzu, ka adana. Ba wanda zai zo ya tuna maka.

Batun fansho ya fi wannan nauyi, shi ne kuma mutane suka fi sakaci da shi. Tun gyaran dokar fansho na 2014, ana cire wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba su a asusun ajiyar ritayarsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Doka ke nan. A aikace, akwai wuraren da ake cirewa a takarda, kuɗin kuma ba sa isa asusun. Ma'aikaci bai sani ba, sai ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 a bakin aiki, ya je karɓa ya tarar da rami. A lokacin, shugaban ofishin da ya yi sakacin ya daɗe da barin kujera. Saboda haka kowa ya tuntuɓi kamfanin da ke kula da fanshonsa, ya nemi bayanin asusu, ya gwada shi da takardun albashi wata-wata. In akwai giɓi, ya kai ƙara hukumar kula da fansho, PenCom, a rubuce, ya riƙe kwafi. Dokar ta kuma wajabta wa wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki ya yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara. Ku gaya wa iyalanku wannan tun kuna raye, domin gwauraye da marayu da yawa ba su san suna da hakkin ba.

Ko da kuɗin sun shiga daidai, hauhawar farashi na cin su kamar gara a rumbu. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Tsohon da aka yanka wa fansho kafin nan, adadin na nan, amma buhun masarar da yake saya ba ya nan. Tallafin naira 25,000 da aka yi alkawarin raba wa magidanta miliyan 15 kuwa, an dakatar da shi a farkon 2024 saboda badaƙalar da ta taso a ma'aikatar jin ƙai. Kada wani ya gina lissafin tsufansa a kan irin wannan tallafi.

Ɗalibai, bashin karatu na NELFUND ba shi da ruwa, amma bashi ne. Shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashinku. Ku haɗa shi da kashi 8 na fansho da haraji, ku ga abin da zai rage a lokacin da kuke neman aure da kuɗin haya. Wanda karatunsa ya dogara da bashin ya karɓa, amma ya san abin da ya sa wa hannu.

'Yan kasuwa, teloli, direbobi da manoma, ku babu mai cire muku komai, babu kuma mai ajiye muku. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar hannu, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako. Ku je ofishin kamfanin fansho mai lasisi da kanku. Duk wanda ya kira ku a waya yana neman lambar BVN ko lambar sirrin katinku da sunan rajistar haraji ko tallafin gwamnati, ɗan damfara ne, ku kashe wayar.