Takarda Ta Ce Lafiya Lau, To Me Birki Ya Ce?

 Gaisuwa ga direbobinmu na tashar Kazaure, da masu jigila tsakanin Roni da Gwiwa, da masu lodin buhuna daga Babura zuwa Kano. Yau a kan wata takarda za mu tattauna, wadda kusan kowane mai mota ke da ita a ninke cikin takardun motarsa: shaidar lafiyar mota, wadda jami'an duba ababen hawa na jiha, waɗanda muka fi sani da VIO, suke bayarwa.

Ga abin da ke damun mutane da yawa, ko da ba su faɗa a fili ba. Mutum ya sabunta takardunsa, an buga hatimi, an ce motarsa lafiyarta ƙalau. Bayan sati biyu yana kan hanyar Ɗambatta ya taka birki, ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Ko kuma sitiyari ya soma rawa da zarar ya wuce saba'in. Sai zuciyarsa ta tambaye shi: anya kuwa an duba motar nan? In an duba, ya aka yi ba a ga wannan ba?

Ni dai a ganina wannan kokwanto halal ne, kuma bai kamata a danne shi ba.

Mu fara da gaskiyar da kowa ya sani a tasha. Da yawa daga cikin masu motoci ba su taɓa kai motarsu gaban mai dubawa ba. Tsofaffin takardu ake miƙa wa wani, a haɗa masa da kuɗi, gobe ko jibi ya dawo da sababbi, lasisi da inshora da shaidar lafiya duk a haɗe. Motar tana ajiye a ƙofar gida, ko tana kan hanyar Daura ɗauke da mutum goma. Wannan ba ciwon Jigawa kaɗai ba ne. Jihar Legas ta buɗe cibiyoyin duba mota da na'ura mai kwakwalwa tun 2017, amma duk da haka sai da ta sake fitar da doka daga watan Janairun 2022 cewa wanda bai kawo motarsa an gani ba, ba za a ba shi takardar ba. Da ana kawowa, ai da babu buƙatar dokar.

To, a ce ma an kai motar. Me ido zai iya gani a tsaye a filin ofis, cikin minti biyar? Zai ga fitila na kamawa, zai ji ham na ƙara, zai ga gilashi bai tsage ba, zai tambayi tukunyar kashe gobara. Duk waɗannan suna da amfani. Sai dai aibobin mota da ke kashe mutane a hanya da yawansu a ƙarƙashi suke ɓoye, inda sai an ɗaga mota ko an shiga rami sannan a gan su. Bututun man birki da tsatsa ta ci. Robar da ta tsage tana ɗigar da mai a bayan ƙafa. Mahaɗar ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, wadda in ta gaji ta fice, ƙafar ta kwanta gefe ana cikin tafiya. Shi kuwa birki, ko bakanike mai shekara talatin a sana'a ba zai kalle shi ya ce ƙafar hagu da ta dama ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai na'urar da ake hawar da ƙafafun mota a kanta, tana juya su, direba ya taka birki, ita kuma ta auna ƙarfin kamun kowace ƙafa daban. Inda babu wannan na'ura kuma babu rami, duk gaskiyar jami'i da tsoron Allahnsa, iyakar abin da ya gani zai shaida.

Ko a Ingila, inda aka fara gwajin motoci tun 1960, kuma duk motar da ta kai shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara, hukuma na gaya wa masu mota a fili cewa takardar shaida ce ta halin da motar take ciki ranar da aka gwada ta. Abin da ya biyo baya yana wuyan mai ita. Kamar awon asibiti ne: likita ya auna ka yau ya ce jininka daidai, wannan bai zama alkawarin watan gobe ba. Balle motar da ke shiga ƙauyukan Roni da Gwiwa, ta hau dutse ta faɗa kwari, ta sha ƙura da rani ta sha taɓo da damina, kuma ranar kasuwa a ɗora mata lodin da ya ninka wanda aka ƙera ta dominsa. Irin wannan mota, abin da ke lafiya a watan Janairu zai iya zama ajali a watan Afrilu.

Bari mu tsaya a kan taya, domin a nan ne direba zai iya zama mai duba motarsa da kansa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Malam direba, in ka sauka yau, durƙusa ka dubi gefen tayarka. Akwai wani dogon rubutu da ya fara da haruffa uku, DOT. Bi shi har ƙarshe, za ka tarar da lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar nan a sati na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa cewa taya ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta, to a daina dogara da ita. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Shafa yatsanka a gefenta: in ka ji ƙananan tsage-tsage, ta bushe ke nan, ko da zanenta na nan raɗau. Shi ma zanen, in zurfinsa bai kai milimita 1.6 ba, ta gama aiki. Kuma a kula da tayar da aka sake sassaƙa mata zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa. Doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyi cikin Najeriya, amma kowa ya san suna nan jibge a kasuwa, kuma talauci ne ke kai direba wajensu, ba ganganci ba. Na san da haka. Amma tayar da ta fashe a gaba, mota na gudun ɗari, ba ta tambayar dalili.

Akwai kuma wata al'ada da nake roƙon a bari. In zafin bazara ya tsananta, wasu kan ce wa mai faci ya rage iska, wai kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar nan ke haifar da zafi a cikinta, zafin kuma shi ke raba roba da wayar da ke ciki. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya.

Birki ma akwai gwajin da za ka yi a ƙofar gidanka. Tada mota, taka birki da ƙarfi, ka riƙe ƙafarka a kai kamar rabin minti. In ya tsaya cak, madalla. In ka ji yana sulalewa ƙasa sannu a hankali, mai na zurarewa a wani wuri, kada ka ɗauki fasinja sai an gano inda yake. Sannan ka sami fili babu kowa, ka yi tafiya kaɗan ka taka: in motar ta ja gefe guda, ƙafa ɗaya ce ke aikin biyu. Man birki kuwa yana shan damshin iska, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara 2. In ya sha ruwa, da birki ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji wayam. Masu zuba ruwan omo a madadinsa, don Allah ku ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a bayanku.

Ga masu sayen mota 'yar Kwatano, ko wadda ta sha hannu a Kano: murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Ya kamata fitilun gargaɗi na gaban direba su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan an tada. In akwai wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a rufe wani aibi.

Kada wani ya ce mun ɗora komai a kan masu dubawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce mutum 5,081 ne suka rasu a haɗurran hanya a Najeriya a 2023, a 2024 kuma 5,421, kuma gudun wuce kima ne take sa wa a sahun gaba cikin dalilai. Shi ya sa tun Fabrairun 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Amma gudu da lalacewar mota tare suke aiki. In ka ninka gudunka, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai ninkawa take yi sau huɗu, wannan ma in birkin lafiyayye ne. Idan an ce mota ta ƙwace wa direba, mukan ce ƙaddara, kuma mun yi imani da ita. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda ya ga man birki na ɗiga ya ce a lallaɓa zuwa gobe ba.

A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na babban birnin ba su da hurumin tare motoci a hanya, ko kama su, ko cin tarar direbobi. Direbobi da yawa sun yi murna. Ni abin da hukuncin ya tuna mini shi ne, asalin aikin nan a wurin gwaji yake, inda za a ɗaga mota a leƙa cikinta. A can ya kamata a zuba kuɗi da horo.

Don haka ga roƙonmu ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin wannan yanki. Mutumin Gwiwa ko Roni ya fi kusa da Kano a kan Dutse, kuma ba zai kashe man zuwa nesa don a duba masa mota ba. A samar da wurin gwaji a kusa, mai rami da na'urar auna birki, a kan babbar hanyar Kano zuwa Daura. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, cike da matasa masu koyon aikin injiniya, waɗanda za a iya horarwa su riƙe irin wannan wuri. A riƙa ba mai mota sakamako a rubuce, abu kaza ya ci, abu kaza ya faɗi, da sunan wanda ya duba, ta yadda in aka sami matsala an san wanda za a tambaya. Su kuma shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, tun kafin gwamnati ta motsa, suna da ikon hana motar da tayarta ta bushe shiga layi, kuma sun fi kowa sanin motocin da ake magana a kansu.