Shin sai da fasfo ko NIN baƙo zai hau jirgi daga Katsina zuwa Abuja?

A Wurma da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma, hawa jirgin sama ya daina zama harkar alhazai kaɗai. Tun da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi ƙaurin suna, har aka kai wa jirgin ƙasa hari a watan Maris na 2022, mai jinya da mai neman biza sukan daure su sayar da dabba su yanki tikiti a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ko na Malam Aminu Kano. Yankin kuwa ba ya rabo da baƙi: 'yan ci-rani daga Maraɗi da Tasawa, amaren da aka auro daga tsallaken iyaka, da waɗanda yaƙin Sudan ya koro gida a 2023. Da zarar ɗayansu ya ce zai bi jirgi, sai majalisa ta cika da masana, kowa da irin takardar da ya ce sai da ita.

Maganar da ta fi yawo ita ce ba a hawa jirgi sai da fasfo. Ga ɗan Najeriya mai tafiya cikin gida wannan ba gaskiya ba ne. Abin da kamfanin jirgi da jami'an tsaron fili ke nema shi ne shaida mai hoto wadda hukuma ta bayar: katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, katin zaɓe, lasin tuƙi, ko fasfo ga mai shi. Tun daga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000, don haka wanda ya yi shi saboda tafiyar Legas kaɗai ya yi asarar kuɗin da zai saya masa buhun masara. Katin rigakafin shawara ma, wanda ake ce wa yalo kati, na masu ƙetare ƙasa ne. Lambar BVN kuwa ta banki ce, ba ta da aiki a bakin jirgi.

Ga baƙo lamarin ya juya. Ana tsorata shi cewa sai ya yi NIN tukuna, alhali fasfon ƙasarsa shi ne takardar da ba a gardama da ita, muddin wa'adinsa bai ƙare ba. Hukumar NIMC tana yi wa 'yan ƙasa rajistar NIN, tana kuma yi wa baƙon da ke da izinin zama, amma wanda ya shigo makon jiya bai kai nan ba, kuma ba wanda ya ɗora masa. Inda jita-jitar take da ƙamshin gaskiya shi ne jami'an shige da fice suna nan a filayen jirgi, kuma suna da ikon tambayar baƙo yadda ya shigo ko da tafiyar ta cikin gida ce. Abin da za su duba shi ne hatimin shiga. Wanda ya biyo ta Jibiya ko Kongolam aka buga masa, ba shi da fargaba. Wanda ya ratso daji a kan babur don gudun ɓata lokaci a bakin iyaka, shi ne zai sha tambayoyi, ko da kakansa Bakatsine ne.

Sai batun da ya fi rikita mutane. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, wasu kuma suka ɗauka daga ranar Banijare ya zama kamar Bafaranshe, sai da biza. A ranar ce ƙungiyar ta sanar cewa ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ECOWAS na 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga su zauna ba biza har sai an ba da wata sanarwa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba baƙo ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90. Mai niyyar wuce haka ya nemi katin zama a ofishin shige da fice na Katsina. Wanda ya fito daga wajen yankin ECOWAS, kamar ɗan Sudan ko ɗan Chadi mai zaman aiki, nasa katin ana ce masa CERPAC. Tunda sassaucin da aka yi wa 'yan ƙasashen uku ba na dindindin ba ne, a tambayi ofishin kafin a biya kuɗin tikiti.

Abin da ya fi hana mutanenmu tashi, a ganina, ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Suna ne. Bahaushen Nijar fasfonsa da rubutun Faransanci yake: Ousmane, Issoufou, Mahamadou, Abdoulaye. Ya aiki yaro shagon kwamfuta a Dutsin-Ma ya yanko masa tikiti, mai shago ya rubuta Usman ko Yusuf ko Muhammad, yadda kunnensa ya saba ji. Mu a nan mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke kan tebur harafi yake bi. Na gida ma ba su tsira ba: katin zaɓe ya ce Mamman, takardar NIN ta ce Muhammad, ko a sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ko a rubuta wa mace sunan mijinta alhali katinta na ɗauke da na babanta. Kada a sa Alhaji ko Malam ko laƙabi. A ajiye katin da za a tafi da shi a gaban mai bugawa, ya kwafa yadda yake. Idan an gano kuskure tun da sauran kwanaki, kamfanoni sukan gyara, wani lokaci da ɗan caji. Mayar da tikitin wani zuwa sunan wani daban kuwa ba sa yi.

Daga nan ne shawara mafi muni ke ɓullowa: "Ka ari katin ƙanenka mana, ai kun yi kama," ko kuma "Bari a yi maka katin zaɓe, mun san hanya." Wannan ba taimako ba ne, jefa baƙo rami ne. Rajistar zaɓe ta 'yan Najeriya ce kaɗai, baƙon da ya yi ta ya karya doka, haka ma mai amfani da shaidar wani. Mutumin da fasfonsa na gaskiya zai wuce da shi lami lafiya sai ya koma mai amsa tuhuma, har abin ya shafi wanda ya ara masa.

Akwai kuma masu hana mata tafiya da cewa za a tilasta musu cire niƙabi a gaban maza. Dole ne a ga fuska a gwada da hoton kati, wannan gaskiya ne, amma akwai jami'ai mata a wurin bincike, kuma ana iya cewa su za su duba. Jariri da ƙaramin yaro ba a neman kati mai hoto a wurinsu. Takardar haihuwa ake so a riƙe, domin da shekaru ake yanke kuɗin tikitin yaro, wanda bai kai shekara 2 ba kuma a cinya ake ɗaukarsa. Hoton kati a cikin waya wani ma'aikaci ya karɓa, wani ya ƙi, ga caji yana iya ƙarewa tun kafin a isa Katsina, don haka ainihin takardar ta kasance a aljihu, ba cikin akwatin da za a auna a wuce da shi ba.