Kwalbar fam miliyan 2 da ta fam 13: Me ake saye a kasuwar wiski?

A ranar 18 ga Nuwamban 2023, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya sayar da kwalba ɗaya tak ta giyar wiski a kan fam 2,187,500, kimanin dala miliyan 2.7, wato sama da naira biliyan biyu a canjin wancan lokaci. Kafin ranar, ba a taɓa sayen kwalbar giya ko ta wata barasa a gwanjo da tsada irin wannan ba.

Idan aka raba abin da ke cikin kwalbar da ƙaramin cokalin shayi, kowane cokali ya haura fam 14,000.

Shekara biyar kafin nan, wata wiski da kantunan Aldi ke sayarwa fam 12.99 ta samu lambar zinare a wata gasar ɗanɗano da alƙalanta ba sa ganin sunan abin da ke gabansu.

Dukkansu a Sikotland aka yi su. Tazarar da ke tsakanin farashinsu ce ta mayar da wiski hajar masu zuba jari, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan damfara da suka raba ɗaruruwan mutane da abin da suka tara.

Kwalba 40 daga ganga ɗaya

Kwalbar da ta kafa tarihin ta kamfanin Macallan ce, wanda ke yankin Speyside a arewa maso gabashin Sikotland. An tace ta a 1926, aka zuba a ganga mai lamba 263, wadda a baya aka adana wata giyar inabi ta ƙasar Sifaniya a cikinta. Shekara 60 ta yi a ciki kafin a ɗura ta a 1986.

Kwalba 40 kacal aka samu. Daga ciki, 12 na ɗauke da zanen Valerio Adami ɗan ƙasar Italiya, wasu 12 kuma na Peter Blake ɗan Birtaniya. Ɗaya daga cikin na Adami ce aka sayar a 2023, bayan masu gwanjon sun yi hasashen ba za ta wuce fam miliyan 1.2 ba.

Jonny Fowle, jami'in Sotheby's mai kula da sashen wiski, ya shaida wa manema labarai cewa ɗan ɗigo kawai aka bar shi ya ɗanɗana, kuma ya ji ɗanɗanon busassun 'ya'yan itatuwa da kayan ƙamshi da na katako. Irin wannan bayani ana samun sa a jikin kwalaben da ake sayarwa fam 60 ko 70 a kantuna.

Inda tsada ke da dalili

Sunan wiski ya samo asali ne daga wata kalma ta harshen Gelik da ke nufin "ruwan rayuwa". Rubutaccen bayani mafi daɗewa a kanta a Sikotland na cikin kundin baitulmalin ƙasar na 1494.

A yau dokar da aka kafa a 2009 ce ke tafiyar da sana'ar. Kafin a kira wata wiski ta Sikotland, dole a tace ta a ƙasar, ta kwana aƙalla shekara uku a gangar itacen oak a cikin ƙasar, kuma ƙarfin barasarta kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Idan aka rubuta shekara 12 a jikin kwalba, ana nufin mafi ƙarancin shekaru a cikin abin da aka gauraya.

A nan ne wani ɓangare na tsadar yake. Duk shekara kimanin kashi biyu cikin 100 na abin da ke cikin ganga kan bi iska ta jikin katako. Gangar da za ta cika ɗaruruwan kwalabe tana sabuwa, bayan shekara 50 ko 60 abin da ya rage kaɗan ne. Ga kuɗin sito da na ma'aikata, ga jarin da aka ɗaure shekara da shekaru ba ya juyawa.

Nau'in ma na da tasiri. Wadda aka yi da tsiron sha'ir zalla a matata guda ta fi tsadar haɗawa. Wadda aka gauraya da ta alkama ko masara daga matatu daban-daban, irin su Johnnie Walker da Chivas Regal, ita ce mafi yawan abin da ake sayarwa a duniya.

Sai kuma haraji. Ƙungiyar masu wiski ta Sikotland ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na farashin matsakaiciyar kwalba a Birtaniya aljihun gwamnati yake shiga. Ke nan a kwalbar fam 13, kuɗin ruwan da ke ciki bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka, waɗannan dalilai na iya bayyana bambancin fam 15 da fam 150 ne. Ba su isa su bayyana fam miliyan biyu ba.

Aikin hanci ne

Ƙwararrun da ke haɗa wiski a kamfanoni sun fi aiki da hanci fiye da harshe. Sukan zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, su ƙara ruwa har ƙarfinta ya sauko zuwa wajen kashi 20, don kada zafin barasa ya danne ƙamshin. Mutum guda kan shinshina gomman samfura a yini ba tare da ya haɗiye ko ɗaya ba.

An ruwaito cewa an taɓa yi wa hancin Richard Paterson, tsohon gwanin haɗa wiski na kamfanin Whyte & Mackay, inshorar fam miliyan 1.5.

Abin da suke nema ya danganta da inda aka yi ta. Wiskin tsibirin Islay, irin su Laphroaig da Lagavulin, ta yi suna da ƙaurin hayaƙi, saboda ana busar da sha'ir ɗin da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi da ake haƙowa a fadama. Ta Speyside kuwa an fi saninta da ƙamshin 'ya'yan itace.

Launi na yaudarar ido, shi ya sa wasu ɗakunan gwaji ke amfani da kofuna masu launin shuɗi. Mutane da dama na ɗaukar cewa duhun launi alamar tsufa ce, alhali doka ta yarda a ƙara ƙonannen sukari don daidaita launin.

Akwai kuma abin da masu saye da yawa ba su sani ba. Wiski ba ta ci gaba da nuna da zarar ta bar ganga. Mai shekara 12 da aka ɗura a 1980, har gobe mai shekara 12 ce.

Idan aka ɓoye suna

A Janairun 2010, jaridar The Times ta shirya wani zaman ɗanɗano a Leith da ke Edinbara, inda aka ɓoye wa ƙwararru sunayen abin da aka ba su. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce Kavalan ta Taiwan, daga kamfanin da bai fi shekara biyar da kafuwa ba. Ta doke uku na Sikotland da ɗaya ta Ingila.

A 2018 ne Highland Black mai shekara takwas, ta kantunan Aldi, ta samu zinare a gasar da mujallar The Spirits Business ke shiryawa. Shekara guda bayan haka, Queen Margot ta kantunan Lidl, mai fam 13.49, ta lashe rukuninta a gasar World Whiskies Awards.

Jaridu da dama sun yi ta yaɗa cewa ita ce ta fi kowace a duniya, abin da ba haka yake ba. Rukuni guda ta ci, na gaurayayyun wiski masu shekara 12 zuwa ƙasa, kuma a irin waɗannan gasa kwalabe da yawa kan samu zinare a shekara ɗaya. Amma sakamakon ya isa ya girgiza masu cewa araha ba ta ado.

Suna kuma na iya ɗaga farashi dare ɗaya. A ƙarshen 2014, marubuci Jim Murray ya ayyana Yamazaki Sherry Cask 2013 ta Japan a matsayin gwarzuwar shekara a littafinsa na shekara-shekara, ya ba ta maki 97.5 cikin 100, kuma babu ta Sikotland ko ɗaya a sahun biyar na farko. Kwalbar da ake sayarwa wajen fam 100 ta koma dubban fam-famai, ba tare da ɗigo ɗaya ya canza a cikinta ba.

Masana sun gwada abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. A wani bincike da aka wallafa a 2008, masana daga jami'o'in Caltech da Stanford a Amurka sun ba mutum 20 giyar inabi iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya kuma ta dala 90. Sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sashen jin daɗi ya fi motsawa a lokacin.

Kurɓin fam 7,000 na jabu

A 2017, wani shahararren marubucin intanet ɗan China, Zhang Wei, ya shiga mashayar wani otal a garin St Moritz na Suwizalan. Ya biya kuɗin ƙasar 9,999, sama da fam 7,000, don kurɓi ɗaya daga wata kwalbar Macallan da aka ce ta 1878 ce.

Da hotunan suka bazu, masana suka lura cewa murfin da takardar jikin kwalbar ba su yi kama da na zamanin ba. Gwajin da aka yi a Jami'ar Oxford ya nuna an yi ta ne tsakanin 1970 da 1972, wani gwajin kuma ya gano gauraye ce. Manajan otal ɗin ya tafi har China ya mayar masa da kuɗinsa.

Gwajin ya dogara ne da wani abu da 'yan jabu ba su da iko a kai. Gwaje-gwajen makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun ƙara yawan wani nau'in sinadarin kabon a sararin samaniya. Duk sha'ir ɗin da aka noma bayan nan na ɗauke da alamarsa, kuma alamar na bin sa har cikin kwalba.

A 2018, kamfanin Rare Whisky 101 ya kai tsofaffin kwalabe 55 wata cibiyar binciken jami'o'in Sikotland da ke East Kilbride. An gano 21 na jabu ne ko kuma ba a shekarar da aka rubuta aka yi su ba. Kamfanin ya ƙiyasta cewa jabun da ke yawo a kasuwa da rumbunan masu tarawa sun kai na fam miliyan 41.

Abin da ya sa suke daɗewa ba a gano su ba shi ne, mai irin wannan kwalba ba ya buɗe ta. Ranar da ya cire murfi, ranar ce jarinsa ya tafi.

Gangunan da babu su

A 2019, rahoton kamfanin Knight Frank ya ce darajar tsofaffin kwalaben wiski ta ƙaru da kashi 582 cikin 100 a shekara goma. A 2022 aka sayar da ganga ɗaya ta Ardbeg, wadda aka cika a 1975, kan fam miliyan 16. Irin waɗannan alƙaluma ne dillalai ke karanta wa mutane ta waya.

A 2022, hukumar FBI ta kama wani ɗan Birtaniya a Amurka kan zargin damfarar mutum fiye da 150, yawancinsu tsofaffi, kimanin dala miliyan 13 da sunan zuba jari a wiski da giyar inabi. Daga baya ya amsa laifinsa a kotu.

A Maris ɗin 2025, wani binciken BBC ya gano ɗaruruwan mutane da aka sayar wa ganguna a farashin da ya ninka darajarsu, ko gangar da aka sayar wa mutum fiye da ɗaya, ko wadda babu ita sam. Wasunsu kuɗin fanshonsu suka zuba. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya ba ta kula da cinikin ganguna, don haka wanda aka cuta ba shi da asusun diyya da zai nufa.

Waɗanda kayansu na gaske ne ma ba su tsira ba. Knight Frank ya ce farashin ya faɗi da kashi tara cikin 100 a 2023.

Abin da bai canza ba

Sana'ar kanta na nan da ƙarfinta. A 2023 Sikotland ta fitar da wiski ta fam biliyan 5.6 zuwa ƙasashen waje, kusan kwalba 43 a duk daƙiƙa, kuma akwai ganguna wajen miliyan 22 a sitocin ƙasar. Amurka ce kan gaba wajen kuɗin da ake kashewa, Faransa da Indiya kuma wajen yawan kwalabe.

Ta fuskar lafiya kuwa, mai fam 13 da mai fam miliyan biyu sinadari ɗaya suke ɗauke da shi. A Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga jiki, daga baya kuma ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 da shan ta.

Kafin a gano cewa kwalbar St Moritz jabu ce, Zhang Wei ya rubuta a shafinsa na Weibo cewa abin da ya sha ya yi masa daɗi. Ya ce shekarunta 139, sa'ar kakar kakarsa, kuma tarihi ya ɗanɗana. A lokacin, abin da ke cikin kofinsa bai cika shekara 50 ba.