Jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi: abin da zai iya yi wa Gulbin Rima

A watan Yunin 2009 jirgin saman Air France mai lamba 447 ya faɗa Tekun Atlantika da mutum 228. Sai a Afrilun 2011 aka gano tarkacensa a zurfin kusan mita 3,900, kuma wata na'ura mai kama da dogon kifi, REMUS 6000 ta cibiyar Woods Hole da ke Amurka, ita ta gano shi.

Irin wannan jirgi ba ya ɗaukar mutum, babu kuma igiyar da ta haɗa shi da jirgin da ya sake shi. Ana tsara masa hanya a kwamfuta, ya nutse da batirinsa, ya dawo da bayanai. Tun 1957 Jami'ar Washington ta ƙera na farko, mai suna SPURV.

Aikin da wuya. Siginar GPS ba ta ratsa ruwa, don haka jirgin yana lissafa inda yake ne daga saurinsa da juyinsa. Can ƙasa duhu ne, sai ya aika sauti ya saurari dawowarsa, kamar yadda jemage ke yi, ya zana taswirar ƙasan. Ga nauyin ruwa da ke ƙaruwa duk mita goma. Shi ya murƙushe jirgin Nereus a 2014 a zurfin kusan kilomita 10. Har yau ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ne kawai aka zana da kyau.

To, ina ruwan mutumin Sabon Birni ko Isa? Ruwan da ke ratsa garuruwan nan yana gangarawa Madatsar Goronyo ɗauke da yashi da laka, su kwanta a ƙasa su cinye wurin ruwan da Sakkwato ke sha, manoman rani kuma ke dogaro da shi. Ido ba ya ganin wannan cikewar, amma sauti na iya auna ta. Ƙaramin jirgi mai wannan fasaha zai nuna inda ya kamata a yashe.

Haka idan kwalekwale ya kife da damina: maimakon masunta su yi ta lalube cikin jan ruwa, na'urar za ta nuna musu inda za su nutsa.