Diyyar Asarar da Ta Biyo Baya: Ina Doka Ta Ja Iyaka?

Idan aka saɓa wa mutum alkawarin ciniki, asararsa takan zo masa hawa biyu. Akwai wadda kowa ke gani, wato kayan da suka lalace ko kuɗin da aka biya a banza. Akwai kuma wadda ke biyo baya: ribar da ta kuɓuce, kwangilar da aka ƙwace, ma'aikatan da aka biya alhali suna zaune. Mai ƙara yakan shiga kotu da yaƙinin cewa dukansu za a biya shi, tunda dai laifin wani ne ya jawo su. Doka ba haka take kallon lamarin ba. Ta ja iyaka, kuma ko da iyakar tana da ɗaci ga wanda aka cuta, ina ganin adalci ce.

Tushen ƙa'idar yana cikin shari'ar Hadley da Baxendale, wadda wata kotun Ingila ta yanke a 1854. A garin Gulosta akwai masu injin niƙan alkama, wato su Hadley, sai sandar ƙarfen da ke juya injin ta karye. Ba su da wata a ajiye, don haka duwatsun niƙa suka tsaya cik. Suka bai wa kamfanin dako na Pickford, na su Baxendale, karyayyar sandar ya kai Girinic, inda maƙera za su dube ta su ƙera sabuwa, a kan ladan fam 2 da sule 4. Kamfanin ya yi jinkiri, injin ya ƙara kwanaki biyar a kwance, masu shi suka nemi a biya su ribar kwanakin. Alƙali Alderson ya ƙi. A ganin kotu, ɗan dako bai san cewa rayuwar masana'antar gaba ɗaya ta rataya a kan wannan ƙarfen ba, domin mai injin niƙa yana iya samun wata sandar a ajiye. Daga nan aka sami ma'auni mai rassa biyu: ana biyan asarar da bisa al'ada takan biyo bayan irin wannan saɓawar, sannan ana biyan ta musamman idan ɓangarorin biyu sun san da yiwuwarta tun lokacin ƙulla yarjejeniya. Reshe na biyun ne lauyoyin Ingila ke kira asarar da ba ta kai tsaye ba.

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin suna ɗauka duk ribar da aka rasa asara ce ta bayan fage. Shari'ar kamfanin wanki da rini na Victoria, a 1949, ta warware wannan. Kamfanin ya sayi babbar tukunyar tururi, aka kawo masa ita bayan jinkirin kusan wata biyar. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a biya shi ribar wankin yau da kullum, tunda injiniyoyin da suka sayar da tukunyar sun san gidan wanki ba ya sayen irinta don ado. Amma ribar wasu kwangilolin rini masu tsoka da kamfanin ya sa rai zai samu daga gwamnati, wannan kotu ta hana, domin ba wanda ya gaya wa mai sayarwa labarinsu. Haka a 1967, a shari'ar jirgin ruwa Heron II da ya ɗauko sukari daga Romaniya zuwa Basra ya makara da kwana 9, har farashi ya faɗi, an tilasta wa mai jirgin biyan bambancin, saboda ya san akwai kasuwar sukari a Basra kuma farashin kasuwa ba ya tsayawa wuri guda. Abin da kotu ke tambaya a kullum shi ne: me wanda ya saɓa alkawarin ya sani, ko ya kamata ya sani, ranar da aka ƙulla ciniki?

Dalilin da ya sa nake goyon bayan wannan iyakar shi ne farashi. Ɗan dako yana yanka ladansa gwargwadon haɗarin da ya hango. Da an gaya masa cewa masana'anta guda na jiran kayan, da ya ƙara kuɗi, ko ya sa kulawa ta musamman, ko ya nemi inshora, ko ma ya ce a kai kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka shi ya dace ya yi magana. Ba daidai ba ne ya yi shiru ya biya ladan ƙaramin kaya, sannan bayan ɓarna ya ɗora wa abokin cinikinsa nauyin da bai taɓa yarda ya ɗauka ba. Wannan tunanin bai tsaya a Ingila ba. Kundin dokar Faransa na 1804 ya riga ya taƙaita diyya ga asarar da aka iya hangowa, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe ta 1980 ta bi sahu a sashe na 74, kotunan Nijeriya kuma har yau suna aiki da hukuncin Hadley. Malaman fiƙihu ma sun bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi kawai, ko da yake ma'auninsu daban ne.

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Suna cewa ƙa'idar tana barin wanda aka cuta da ragowar asara alhali mai laifi ya tafi da sauƙi, kuma ƙaramin ɗan kasuwa da ya saba ciniki da baki da amana bai san akwai buƙatar ya zayyana wa direba dukan abin da ke jiran kayansa ba. Gaskiya ne akan bar shi da giɓi. Sai dai idan aka ce a biya kowace asara komai nisanta, ba wanda zai ɗauki kayan wani sai da farashin da talaka ba zai iya ba, kuma mai ƙaramin kaya ne zai riƙa biyan kuɗin haɗarin attajiri. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na sharaɗin da manyan kamfanoni ke cusawa a takardun yarjejeniya cewa ba su da alhakin asarar da ba ta kai tsaye ba. A nan kotunan Ingila sun daɗe suna fassara sharaɗin a ƙuntace, cewa reshe na biyu kawai ya shafa, don haka ribar yau da kullum tana nan a wuyan kamfani sai idan an fitar da ita ƙarara.

Ko asarar ta shiga cikin iyaka, da sauran aiki a gaban mai ƙara. A kotunan Nijeriya, diyya ta musamman sai an jera ta dalla-dalla a takardar ƙara an kuma tabbatar da ita da shaida, kamar rasit da littafin ciniki. Ana kuma sa ran ya yi abin da zai iya don rage ɓarnar, ba ya naɗe hannu tana ƙaruwa ba. Saboda haka mai injin casar shinkafa da zai aika wani sashen injinsa gyara ya faɗa wa mai ɗauka cewa ba shi da wani, kuma ga kwangilar da ke jiransa ranar kaza, a sa a rubuce. Wannan 'yar maganar ta minti guda ita ce masu injin Gulosta suka kasa tabbatar wa kotu cewa sun yi.